Ful Ɗin Bayan Gareji

Ni manomi ne kafin in zama direba, kuma ina faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. A garinmu, can gefen Funtuwa, in ana maganar wake gidanmu ake nunawa. Sai ga shi abinci ya kai ni Riyad, unguwar Shifa, ina kai 'ya'yan wani bawan Allah makaranta, ina jiran matarsa a ƙofar kanti har ƙafata ta yi tsami. Ɗakina yana jikin ƙofar gida kamar na kowane direba. Bayan gareji kuma akwai wani ɗan fili da magina suka manta ba su zuba masa siminti ba. Kullum na wuce sai na tsuguna na murza ƙasarsa a hannu.

Mahaifiyar maigida ce ta kama ni ina haka. Tsohuwa ce gajeriya mai faɗa, duk gidan ana kiranta Yumma, wato Inna, ni ma haka nake kiranta. Ta tsaya a kaina da sandarta ta ce me nake nema a ƙasa, zinariya? Na ce mata a'a, ƙasar ce nake tausayi, tana zaune ba aikin yi. Ta juya ta koma ciki. Washegari ta miƙo mini ƙullin leda da wasu ƙwayoyi faffaɗa, kowace kamar farcen babban yatsa. Ta ce ful ne, waken ƙasarsu, iyayenta suna shuka shi a ƙarƙashin dabino tun tana yarinya, in jira zafi ya karye tukuna, in kuwa na kashe mata iri za ta sa ɗanta ya mayar da ni inda na fito. Da wasa take yi, amma fuskarta ba ta nuna ba.

Na san ful a kwano, wanda ake dama shi a ci da tamis, burodinsu mai faɗi, da safe. Ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Na je kasuwar tumaki na roƙo taki buhu-buhu, na zuba a bayan motar maigida, na sha faɗa saboda wari. Na yi kunyoyi irin na gida, na jiƙa irin ya kwana a ruwa kamar yadda Yumma ta ce, na binne shi da zurfin yatsa.

A wannan shekarar ce aka tsananta kame. Duk wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, ko aka same shi yana aiki ba a wurin kafilin da ya tsaya masa ya shigo ƙasar ba, sai a jefa shi mota a mayar da shi ƙasarsu. Ni tawa lafiya lau take. Ƙanena ne matsalar. Shi ne autanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Auta muke ce masa har ya yi gemu ya ajiye mata da 'ya a gida. Ya shigo da irin bizar nan da kafili sunansa kawai ke kan takarda, kai ka san inda za ka nemo aikinka. Yana leburanci a gine-ginen unguwar Ulaya, yana kwana a unguwar Manfuha cikin tarin 'yan'uwa a ɗaki ɗaya. Iƙamarsa ta ƙare, wayar kafilin a kashe. Da na ji an fara bin gidaje a unguwarsu, sai na je na ɗauko shi da 'yar jakarsa na kawo shi ɗakina. Ban gaya wa maigida ba.

Tun daga ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. In jiniya ta wuce a titi, sai in kasa kunne har ta yi nisa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa, ko mai kawo gas ne, sai na ga Auta ya miƙe yana neman inda zai shige, a ɗakin da ko akuya ba za ta ɓuya ba. Iyakarsa ɗaki da bayan gareji. Yumma ta gan shi tun makon farko, ta dube shi, ta dube ni, ta ga hanci iri ɗaya. Abin da ta ce kawai shi ne ya rage ruwan da yake kwarara wa shukar, ba shinkafa ba ce.

Lambun nan shi ya riƙe Auta bai haukace ba. Ni ina hanya yini guda, shi yana tsugune cikin ful. Kuma abin ya ba mu mamaki mu biyu. Waken da muka sani yaɗo yake yi, yana son zafi da damina. Wannan kuwa a miƙe yake tashi, karansa mai kusurwa huɗu, kuma sai sanyin Riyad ya kai inda mutum ba ya son taɓa ruwan alwala sannan yake murna. Da ya kai mana ƙugu ya yi fure fari mai ɗigon baƙi, ƙamshi ya cika bayan gareji. Darɓa, ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta sauka a kan tohon sama, baƙa ƙirin. Nan dai muka nuna mu 'ya'yan manoma ne: muka tsinke kawunan, muka yayyafa ruwan sabulu da toka. Auta har magana yake yi wa shukar. In na dawo ya tare ni da labari, wannan ta yi 'ya'ya, waccan iska ta kwantar da ita ya kafa mata sanda.

Abin dariyar shi ne Auta bai taɓa sa ful a bakinsa ba. Tun zuwansa ya ce shi ba zai ci abin da aka dama kamar kwaɓin gini ba. Shayi da burodi, shinkafa da miya in an samu, shi ke nan.

"To wa kake yi wa wahalar?" na tambaye shi.

"Wannan daban ne, Yaya. Wannan na ga tashinsa."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka yi tsinkar farko. Kwasfar ta yi kauri, ta fi tafin hannu tsawo, in ka matsa sai ka ji ƙwayoyin a jere. Ka ɓare ka ga ciki da laushi kamar an shimfiɗa auduga. Muka cika babban faranti aka kai cikin gida, Yumma ta ɓare ɗaya ta tauna ɗanye, ta gyaɗa kai. A wurinta wannan yabo ne babba. Mu kuma muka yi yadda ake yi da sabon wake a gida: muka dafa da kwasfarsa da ɗan gishiri, muka zauna a tabarma da yaji. Kafin tukunya ta nuna ma Auta ya ci ɗanye ya fi cikin hannu biyu, yana cewa ai zaƙi gare shi kamar ɗanyar gyaɗa. Ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Na daɗe ban ga yana dariya haka ba. Ni ma na ci iya cikina.

Washegari ya ce jikinsa ba ƙarfi, bayansa na ciwo. Na ce tsuguno ne. Wanshekare da safe na dawo daga kai yara na same shi zaune a bakin gado, ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni banɗaki. Fitsarinsa ne, baƙi-baƙi ja, kamar shayin da aka manta a kan wuta. Na juyo da shi wajen haske na buɗe idonsa da yatsa. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa.

Ban tsaya tunani ba, don kowane ɗan garinmu ya san wannan. Ciwon shawara ne. Kuma kowa ya san dokarsa: ba mai, ba nama, kuma ko kusa ba a yi wa mai shawara allura. Wannan ba labarin ji-ta-ji-ta ba ne a gidanmu. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, idonsa ya yi haka muna yara, aka kai shi asibiti da ƙafarsa, aka tsira masa allura, kafin la'asar aka dawo da shi a naɗe. Har yau in aka ambace shi a gidanmu sai wani ya ce allura ce. Auta yana ƙarami a lokacin, amma da wannan maganar ya girma.

Na buga wa wani dattijo mutumin Maraɗi da ke Manfuha waya. Ya yi shekara da shekaru a ƙasar, yana gadin wani sito, kuma duk Bahaushen da jikinsa ya motsa shi yake nema kafin ya nemi likita. Mutumin kirki ne, bai taɓa karɓar ko sisin kowa ba. Duk da kamen da ake yi ya hau tasi ya zo. Ya duba idon Auta, ya duba tafin hannunsa, ya ce, "Ita ce." Ya fito da garin saiwar rawaya a ƙulle, ya ce a jiƙa yana sha safe da yamma, a nemo rake in za a samu, in ba a samu ba ruwan tsamiya.

"Baba, me zan ba shi ya ci?" na ce.

"Abu marar maiƙo, ɗana. Marar nauyi." Ya leƙa ta taga ya hango lambun. "Ga shi Allah ya ba ku a ƙofar ɗaki. Dafa masa wannan da ruwa zalla. Wake ai ba ya cutar da kowa, ƙarin jini ma yake yi."

Da zai tafi ya riƙe hannuna a bakin ƙofa. "Ko me za a yi, kada ka kai shi inda za su huda shi. Ka ji ko? Ga kuma maganar iƙama. Ka kai shi da kanka, ka miƙa musu shi ke nan."

Haka na yi. Kowace safiya kafin in tada mota sai in shiga lambu in zaɓo kwasfa mafi kyau, masu taushi, in ɓare, in dafa ba mai ba albasa, in murƙushe da cokali. Da farko yana ci da kansa. Daga baya sai na tallafo kansa ina ba shi a baki ina lallashi, "Daure, Auta, cokali ɗaya, don jininka ya dawo." Yana daurewa saboda ni. Ya haɗiye, ya rufe ido, ya ce in bar shi ya huta.

Ban san yadda zan kwatanta tsoron kwanakin nan ba. Ina tuƙi, yara na faɗa a baya, ni kuwa ina lissafin abin da zan tarar in na buɗe ƙofar ɗakina. Sau biyu na wuce jar danja ban sani ba. In na tsaya a ƙofar makaranta sai in buga masa waya, in ta yi ƙara uku bai ɗauka ba sai in sake bugawa. Mahaifiyarmu ta kira daga gida, na ce mata yana barci. Ta ce wane irin barci ne da hantsi, na ce aikin dare yake yi yanzu. Ranar da zai taho ta ce mini a waya ga amana nan, kuma tunda nake ban taɓa jin nauyin kalmar ba sai a kwanakin. Ina tunanin in ya mutu a ɗakin nan, me zan ce mata? Ta ina ma zan fitar da gawar mutumin da babu wanda ya san yana gidan?

Jikinsa kuwa kullum baya yake yi. Leɓɓansa suka yi fari. Tafin hannunsa ya koma kamar na wanda ya yini yana wanki. In ya tashi zuwa banɗaki sai ya tsaya a hanya yana haki, taku huɗu kawai. Salla a zaune, daga baya a kwance. In na ɗora hannu a ƙirjinsa zuciyar tana bugawa da sauri kamar ta tsuntsun da aka kama. Na sake kiran dattijon, ya ce haka take yi, sai ta kai maƙura take juyawa, a ƙara rawaya, a ci gaba da ba shi abincin.

Wata safiya na dawo daga makaranta ban same shi a ɗaki ba. Na zagaya bayan gareji a guje. Yana kwance a tsakanin kunyoyi, fuskarsa a ƙasa, tiyon ruwa na zuba kusa da kansa. Wai ya ga ganyen ya yi laushi ne ya fito ya ba su ruwa. Na juya shi ina kiran sunansa, ina jijjiga shi. Ya buɗe ido da ƙyar. Ihun da na yi ne ya fito da Yumma.

Ta zo tana dogara sanda, ta sunkuya ta dube shi. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta tsorata ba sai ranar.

"Mustashfa," ta ce, wato asibiti. "Yanzu. Yalla!"

Na fara yi mata bayani da guntun Larabcina, cewa ciwon nan mun san shi, a ƙasarmu ba a kai shi asibiti, ga shi kuma ba shi da iƙama. Ta ɗaga sandar kamar za ta sauke mini a ka.

"Iƙama? Kabari yana tambayar iƙama? Ɗauke shi, ya mahaukaci!"

Ta shiga ciki ta zuro abayarta, ta fito ta buɗe motar da kanta ta zauna a baya. Na ɗauko Auta kamar yaro, ba nauyi, na kwantar da shi a kujerar gaba na ɗaura masa bel.

A hanya ya farfaɗo sosai, ya gane inda muka nufa. Ya kamo hannun rigata.

"Yaya, ina za ka kai ni?"

"Dubawa kawai za su yi."

"Za su yi mini allura."

"Ba za su yi ba. Ina nan."

"Ka rantse."

Na ci gaba da kallon titi. Ya ce, "Yaya, ka tuna Baffa. Don Allah ka mayar da ni. In mutuwa ce gara in mutu a ɗakinka." Hawaye na bin gefen fuskarsa, ba shi da ƙarfin sharewa.

Kafin babbar gada muka tarar da shingen 'yan sanda, motoci a jere, ana duba takardu. Na hango wasu baƙaƙen fata tsaye a gefen wata bas, hannuwansu a baya. Na taka birki na bi layi. Na karanta duk abin da na iya. Da muka iso, ɗan sandan ya sunkuyo, ya dube ni, ya dubi Auta. Kafin ya buɗe baki Yumma ta sauke gilashin baya ta balbale shi da faɗa: ba ya ganin marar lafiya ne? Ba shi da uwa ne da zai tsayar da tsohuwa a rana? Ɗan sandan ya ja da baya ya ce, "Tafaddali, ya hala," wato wuce goggo, ya ɗaga mana hannu. Na ja mota muka wuce.

A asibiti aka ɗora shi a gadon turawa aka shige da shi sashen gaggawa. Ma'aikacin da ke karɓar mutane ya ce iƙama, Yumma ta zauna a gabansa ta ce ya kira ɗanta, ni kuma na bi gadon. Likitar wata 'yar Sudan ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ja fatar idonsa, ta duba farcensa, ta tambayi launin fitsari. Sannan ta ce wane magani ya sha, me yake ci.

Na amsa da ƙarfin gwiwa, don ina so ta san ba sakaci muka yi ba. Na ce mun kiyaye sosai, ko ɗigon mai bai shiga cikinsa ba, ba nama, ba komai, ful kawai, sabo, daga lambunmu, ni da kaina nake tsinkowa kowace safiya.

Ta cire tabaraunta.

"Ful? Ɗanye, kore?"

"Na'am."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya kwanta. Da ya kwanta kuma shi kaɗai yake ci."

Ta ce, "La haula wala ƙuwwata," a hankali, ta juya ta ba ma'aikatan jinya umarni da sauri, suka watse a guje. Sannan ta dawo kaina, ta yi magana da Larabci mai sauƙi yadda zan gane. Ta ce akwai mutanen da Allah ya halicci jininsu ba ya shiri da ful, musamman sabo. In suka ci, jinin fashewa yake yi a cikin jiki, shi ne yake fita a fitsari, shi ne yake rina ido. Gado ne, ta wajen uwa yake zuwa, wani ɗa ya ɗauka wani bai ɗauka ba. Ta ce jinin da ya rage a jikinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma duk cokalin da ya ci ƙara fasa shi yake yi.

Na nemi bango na jingina. Hannuwana na duba, har lokacin akwai koren kwasfa a ƙarƙashin farcena, na tsinkar safiyar ranar.

"Sai an ƙara masa jini yanzu-yanzu," in ji ta. "Da ruwa, don ƙodarsa."

Wata ma'aikaciya ta turo ɗan tebur da allurai a kai. Auta ya gani. Mutumin da ba ya iya ɗaga kansa sai ga shi ya janye hannu ya cusa a ƙarƙashin jikinsa, yana girgiza kai. "Yaya! Yaya, ka ce ba za su yi ba!" Ma'aikaciyar ta kama, ya fizge. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a aljihu. Dattijon ne, wani ya gaya masa an ga motarmu ta fita. Na ɗauka ban san dalili ba.

"Ɗana, kuna ina? Kada ka bari su huda yaron nan. Wallahi in suka huda shi ka kashe shi da hannunka."

Likitar ta ce, "Ka yi masa magana da yarenku. Ba mu da lokaci."

Gaskiya ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba. Yau na fara ganinta. Abin da ta faɗa ban taɓa jin mai kama da shi ba, wai wake ya kashe mutum, alhali ni ma na ci, tsohuwa ma ta ci. Abin da dattijon ya faɗa kuwa da shi aka raine ni, kuma na ga gawar Baffa da idona. In na ce a yi, ya mutu, ni ne. In na ce a bari, ya mutu, ni ne. Abu ɗaya kawai na riƙe: na bi tamu hanyar yadda aka ce, ban tsallake komai ba, ga inda ta kawo mu.

Na kashe wayar. Na hau gefen gadon na zaro hannun Auta daga ƙarƙashinsa. Bai yi wuya ba, ba shi da ƙarfin da zai hana ni. Na miƙar da hannun na danne shi da nawa biyu, na kwantar da ƙirjina a kan nasa don kada ya motsa. Fuskarmu kusa da juna. Bai yi ihu ba. Kallona kawai ya yi, ya ce a hankali, "Yaya, kai ne?"

Na ce, "Ni ne. Yi Bismilla."

Na ji lokacin da allurar ta shiga, don jikinsa duka ya ɗauki rawa. Ya rufe ido yana kalmar shahada. Ni ma ita nake yi. Na ci gaba da danne shi bayan an gama, har sai da ma'aikaciyar ta taɓa kafaɗata ta ce halas, wato ya isa, in sake shi.

Aka rataya jakar jini, na zauna ina kallon yadda yake sauka a siririn tiyo yana shiga hannun ƙanena. Jira nake ya mutu, wannan ita ce gaskiyar magana. Duk numfashin da ya ja sai in ce shi ne na ƙarshe. Aka kira azahar ban tashi ba. Aka kira la'asar, lokacin da aka dawo da Baffa ke nan, na ƙura wa ƙirjinsa ido, yana hawa yana sauka. Maigida ya zo a fusace, ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba a gaban mutane, wai na ɓoye mutum a gidansa wata da watanni. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Uwarsa ta ja shi gefe, daga baya na ga ya tsaya wurin ma'aikacin nan yana sa hannu. Ni ma aka ɗebi jinina aka gwada, aka ce ni ban ɗauko gadon ba.

Auta bai yi mini magana ba a ranar, bai yi ba washegari. In na shigo sai ya juya fuska bango. An ƙara masa wata jakar, leɓɓansa sun fara yin ja, amma likitar ta ce ba za ta ce komai ba tukuna sai ta ga ƙodar ta tsira, fitsarin ne zai nuna. Kullum na zo na tambayi ma'aikaciyar, ta ce da saura. Ina zama a kujera kusa da mutumin da ba ya son ganina, ina ɓare masa lemo, yana bari a kan faranti.

Wata safiya na shigo da flas ɗin shayi na tarar gadon ba kowa, an yaye bargo. Flas ɗin ya suɓuce daga hannuna. Ban iya ko kiran ma'aikaciya ba, na tsaya ina kallon katifar.

Sai na ji murya daga banɗaki. "Yaya? Kai ne? Zo. Zo ka gani."

Yana tsaye da ƙafarsa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen da aka rataya ruwan, ɗayan yana nuna mini cikin masai. Na leƙa. Fari ne tas, da ɗan rawaya-rawaya irin na kowa.

Muka tsaya mu biyu, manya da gemu, mun sunkuya muna kallon fitsari. Na kai hannu zan ja ruwa, ya riƙe ni.

"Bari tukuna," ya ce. Ya jingina kansa a kafaɗata. "Bari mu ƙara gani."